Gali da Allurar Surukinsa

Duk wanda ya ce mini Gali mutum ne mai sauƙin kai, na san bai taɓa ɗinka masa riga ba. Ni na ɗinka masa. Ni ne Habu tela, taubashinsa, uwarsa da ubana ciki ɗaya, don haka ina da damar in faɗi abin da na ga dama a kansa. Yana raye na faɗa, yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ma ba zan fasa ba. Allah ya ji ƙansa, amma ya ba ni haushi a duniyar nan ba kaɗan ba.

A Tarai aka haife shi, gidan manoma. Da aka zo neman sojoji lokacin yaƙin Hitila, ya ajiye fartanya ya bi su, uwarsa tana kuka bai ko waiwayo ba. A can ƙasar Bama, a bakin daga, aka lura jini ba ya tayar masa da hankali, sai aka karɓe bindigar aka sa shi cikin masu ɗauko waɗanda aka harba, daga nan aka mai da shi ɗakin jinya. Can ya koyi wanke miki, da naɗa bandeji, da tafasa allura, da soka ta inda ya kamata. Can kuma ya koyi karatun boko daidai gwargwado. Ya dawo mana da adaka guda ta ƙarfe, da wata ɗabi'a ta wanke hannu har gwiwar hannu kafin ya ci tuwo. Mu muna zaune miya tana hucewa, shi yana can yana cuɗa sabulu.

En'e, wato hukumar gargajiya, ta ɗauke shi aiki a ɗakin shan magani na Rano, a matsayin mai wankin miki. Malamin asibitin da ya tarar tsoho ne, idonsa ya fara rauni, sai ya sakar wa Gali allura. Fiye da shekara goma yana yi. Manoman Lausu, mutanen Rurum, Fulanin da ke saukowa da shanu, kowa ya san hannunsa. Ni keken ɗinkina yana gindin darbejiyar da ke kallon ƙofar wurin, saboda haka babu wanda zai ba ni labari.

Ana saura kamar shekara biyu a sami 'yancin kai sai doka ta fito: ba wanda zai ƙara riƙe allura a asibitin hukuma sai mai lasisin aikin jinya. Ban ga laifin dokar ba. A lokacin 'yan sirinji sun cika kasuwanni, mutum ya sayi allura guda ya yi ta sokar jama'a ba tafasawa, wasu su kumbura, wani a Kibiya ma ƙafarsa ta shanye. Aka ce tsofaffin ma'aikata irin su Gali za a yi musu jarrabawa a inda suke aiki: tambayoyi da baki, sannan aiki da hannu a jikin majinyaci, a gaban mai jarrabawa. Aka kuma ce an gina ƙaramin ɗakin magani a Kibiya, wanda ya ci shi za a ba wa. Wannan ne ya hana Gali sukuni. Mutanen Tarai da gyambonsu da zazzaɓinsu suke takowa har Rano, ga shi za a kawo musu magani kusa, kuma a hannun ɗansu.

Ya kawo mini farin yadi in ɗinka masa rigar aiki. Ya yi ta dawo da ita. Yau aljihu ya yi wa almakashi kaɗan, gobe hannu ya yi tsawo zai taɓa miki. Sai da na ce masa in ya sake dawo da ita zan mai da ita likkafani, sannan ya bar ni na sha iska.

To, sai maganar surukinsa. Malam Ishiyaku na Lausu, uban matarsa Barira, manomi ne mai ɗan karatu, dogo, ba ya son hayaniya. Kowa a ƙasar nan yana jin kunyar surukinsa, ni ma ina jin ta nawa, amma ta waɗannan biyun ta wuce misali. In Gali ya hango tsohon a hanya, tun daga nesa zai sauka daga keke, ya tuɓe takalmi, ya shiga ciyawa ya tsuguna. Shi kuma tsohon ya kau da kai gefe, ya amsa gaisuwar kamar da bishiya yake magana. Ranar sunan ɗan ƙanin Barira, Gali ya wuni da yunwa a Lausu don kawai tsohon yana zaune a zauren da aka kai abinci.

Malam Ishiyaku yana da gyambo a ƙauri, ya daɗe yana cin sa. Kowa ya ce ya je Rano, ya ƙi, don ya san wanda zai wanke masa. Ya yi ta fama da saiwoyi da garin magani. Sai ya ji labari a kasuwa cewa ranar kaza wata babbar likita za ta zo daga Kano. Bai ji dalilin zuwan nata ba, ba kuma wanda ya gaya masa. Ya ce a ransa, yauwa, ga ranar da baƙuwa za ta duba ni, yaron nan bai taɓa ni ba. Ya yi sammako ya zo ya zauna a kan bencin marasa lafiya.

Ranar na rufe keken ɗinki na je na maƙale a taga. Baturiya ce, Sista ake ce mata, da tafintanta, wani ɗan birni mai tabarau. Gali yana tsaye cikin farar rigar da na ɗinka, wallahi ta yi masa kyau. Ta tambaye shi yadda ake tafasa allura, ya faɗa. Ta tambaye shi abin da zai yi in majinyaci ya sume bayan allura, ya faɗa. Tana ta gyaɗa kai. Har na fara shirya irin tsiyar da zan yi masa in ya zama babban malami a Kibiya. Sai ta ce a shigo da na kan layi.

Aka ɗaga labule, Malam Ishiyaku ya shigo yana dogara sanda.

Gali yana riƙe da faranti mai sirinji da auduga. Bai ko ajiye shi ba, ya zame takalminsa, ya tsuguna a ƙasa, kansa a sunkuye.

"Baba, barka da asuba. An zo lafiya?"

Tsohon ya juya fuskarsa ga bango. "Lafiya lau. Ya iyali?"

Sista ta dube su, ta dubi tafinta, ta ɗauka gaisuwa ce kawai. Ta kwance tsumman ƙafar, ta duba, ta ce a wanke mikin, sannan a yi masa allurar fanisilin a mazaunai. Tafinta ya faɗa da Hausa, muryarsa tana ƙanƙancewa, don shi ya riga ya gane. Ba wanda ya motsa. Ya juya ya yi mata bayani cewa tsohon uban matar Gali ne. Ta ce to ai ya yi daidai, zai fi kula da shi.

Gali ya ce da tafinta, bai ɗago ba, "Malam, don Allah roƙe ta a ba ni wani. Duk mutanen da ke kan bencin can a shigo da su, zan yi musu."

Tafinta ya faɗa mata. Ta ce a aikin jinya ba a zaɓen majinyaci, wanda ya shigo shi ne naka.

Ni kuwa daga taga haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kai bawana, rufe ido ka soka mana! Wa zai mutu?"

Ya ɗago ya watso mini harara, ya sake sunkuyar da kai. Malam Ishiyaku ya sunkuya ya mai da tsummansa da kansa, ya ɗauki sandarsa, ya ce da tafinta, "Gaya mata, ranta ya daɗe, ni dama ba wani ciwo ba ne." Ya fita. Sista ta jira kaɗan, ta tattara kayanta, ta ce Gali ya faɗi.

Ba a jima ba aka turo sabon malamin asibiti mai lasisi, Malam Mika'ilu. Saurayi ne, ya san aikinsa, yana kuma ganin girman Gali, amma doka doka ce: ya kulle allurai a kabad ya riƙe mabuɗi. Gali ya koma wankin bandeji da shara da ɗebo ruwa. Mutumin da ya yi jinyar sojoji a Bama, ga shi ina kallonsa daga gindin darbejiya yana shanya tsummoki a igiya. Ɗakin Kibiya kuwa aka bar shi a rufe, awaki suna kwana a barandarsa. Farar riga ya ninke ta ya sa a adaka.

Na same shi na zazzage masa abin da ke cikina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Habu, kai ɗinki ka sani. Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ni, shi zan kware wa riga, a gaban mace, kana leƙe ta taga?"

Na ce, "A Bama da kake sokar mutane, ba surukan wasu a ciki?"

Ya ce, "Na wasu ne, ba nawa ba."

Ka ji fa. Da irin wannan mutumin Allah ya haɗa ni zumunci.

A kasuwa kuma magana ta canja kama. Aka ce ai hannunsa ne ya kama rawa da ya ga Baturiya. Wasu suka ce dama labarin Bama ƙarya ne, dafa wa sojoji shayi ya je yi. Yana ji, bai taɓa tankawa ba, don in ya faɗi gaskiya sai ya ambaci mazaunan surukinsa a bainar jama'a.

In kana tsammani tsohon ya fi shi hankali, to ba ka san Malam Ishiyaku ba. Da ya fahimci abin da zuwansa ya jawo, sai ya yi fushi da ƙafar tasa. Malam Mika'ilu ya hau keke har Lausu da allura a jaka, tsohon ya tarbe shi da fura, ya yi masa godiya, ya ce ƙafar da ta tare wa wani hanyar abincinsa ba ta cancanci magani ba. Gali ya riƙa ba Barira bandeji da ruwan wankin miki, ya koya mata yadda ake yi, ita take zuwa ta wanke wa ubanta. Tsohon bai taɓa tambayar daga ina kayan suke fitowa ba, shi kuma Gali bai taɓa tambayar yadda ƙafar take ba sai dai ya ce, "Ya mutanen Lausu?" Miki kuwa ya ci gaba da faɗi, har tsohon ya daina shiga sahu a masallaci saboda wari, yana sallarsa a can gefe. Wannan ya sosa mini rai ƙwarai, don mutumin kirki ne.

Bayan an sami 'yancin kai aka aiko cewa tsofaffin ma'aikatan da suka faɗi za a ba su dama sau ɗaya tak. Wanda ya sake faɗi, shi da allura har abada. Barira ta ji, ba ta ce wa mijinta komai ba, ta yafa mayafi ta tafi Lausu. Daga baya na tambaye ta abin da ta gaya wa tsohon. Ta ce, "Yaya Habu, durƙusawa na yi na ce, Baba, kai kana jin kunyarsa, shi yana jin kunyarka, amma ni kunyar take ci. Ni ke wanke ƙafarka tana ruɓewa, ni ke kallon mijina yana shara." Ta ce ranar jarrabawar kawai ya tambaye ta.

Ranar na fito buɗe keke sai na hango jaki ɗaure a jikin darbejiyata. Na duba benci, ga Malam Ishiyaku a farkon layi, cikin wankakkiyar riga. Na ce shi ke nan, tsohon nan ya zo ya ƙarasa mu.

Wannan karon mai jarrabawar ɗan ƙasa ne, likita Bahaushe, ba ya buƙatar tafinta. Na ga dama ta samu, na tare shi tun yana fitowa daga mota. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohon can na farkon layi surukin wanda za ka jarraba ne. Kai ka san abin. A taimaka a tsallake shi."

Ya ce, "Na sani, an ba ni labari tun a Kano. Ni ma ina da suruki, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Amma gaya mini, in aka ba mutuminku Kibiya, yana zaune shi kaɗai, aka kawo tsohon nan a kan jaki rai a hannun Allah, wa zai kira? Ba wanda yake shakkar ya iya allura. Abin da nake so in gani, zai yi wa duk wanda ya shigo?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya fi ni gaskiya.

Na koma tagata. Gali ya amsa tambayoyi kamar wancan karon. Aka ɗaga labule, tsohon ya shigo, Gali ya zame takalmi ya tsuguna, daidai yadda aka yi a baya, har na ji kamar in tsallaka taga in tashe shi da mari. Likita ya duba mikin, ya girgiza kai, ya ce da tsohon, "Baba, allura za a yi maka, kuma shi zai yi. In ba ka yarda ba, ba mai tilasta ka."

Malam Ishiyaku ya ce, "Na san abin da ya kawo ni. Amma a kori telan can daga taga."

Malam Mika'ilu ya zo ya rufe tagar a fuskata. Ban tafi ba, na manna kunne a katako. Na ji muryar tsohon, a hankali, ba rawa a cikinta:

"Yau ba ni da suruki a ɗakin nan. Malamin asibiti, tashi ka yi aikinka."

Can sai na ji ƙarar ruwa a kwano, da cuɗar sabulu. Wankin hannun nan da ya sha sa miyarmu ta huce, ban taɓa jin daɗin jin sa ba sai ranar. Daga baya Malam Mika'ilu ya gaya mini tsohon da kansa ya kwanta ya fuskanci bango, ya janye rigarsa, yana salati. Ya ce hannun Gali ko rawa bai yi ba, amma hawaye na ɗiga a kan farar rigar har ya gama. Likita ya ce, "Madalla." Sauran alluran na kwanakin da suka biyo Malam Mika'ilu ne ya yi, ƙafa ta warke ta bar tabo, tsohon ya koma sahunsa a masallaci.

Lasisi ya zo daga Kano, aka kori awaki, aka ba Gali Kibiya. Ya yi shekaru a can, mutanen Tarai suka huta da tafiya. Na ce to, yanzu kam an gama, kowa ya huta. Ina! Na sa kafinta ya yi wa takardar lasisin gida na katako da gilashi don a rataye a bango kamar yadda kowane malamin asibiti yake yi. Na je Kibiya na tarar da ƙusa a bango, ba komai a jikinta. Takardar tana ƙasan adaka. Sai ranar da masu duba aiki za su zo yake fito da ita, suna juya baya ya mayar.

Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Abin da aka sha wannan wahalar a kansa?"

Ya ce, "Duk wanda ya kalle ta zai tuna yadda aka same ta. Ba zan rataye tsiraicin Baba a bango ba."

Surukutar tasu kuma, maimakon ta yi sauƙi, sai ta ƙaru. Da a hanya suke gaisawa, yanzu in ɗaya ya hango ɗaya sai ya sake hanya. In Gali ya je Lausu gaisuwar salla, daga bayan zana yake tsugunawa ya yi gaisuwa, tsohon ya amsa daga ciki. Haka suka yi ta yi har tsufa ya kwantar da Malam Ishiyaku. Ni na gaji da magana, na zuba musu ido.

Wata ranar kasuwar Kibiya da hantsi, ina zaune a barandar ɗakin maganin ina jiran Gali ya sallami mutane mu ci abinci, sai ga Shitu, babban ɗan tsohon, a kan keke. Ya sauka ya yi sallama, ya ce Baba ya cika bayan sallar asuba. Muka yi salati. Sai ya matso kusa da Gali ya ce, "Ya bar wasiyya. Ya ce kada kowa ya yi masa wanka sai kai. Ya ce kai ka riga ka gani, kada a ƙara masa wasu idanu."

Gali ya miƙe. Ya tuɓe farar rigar ya ninke, ya rufe ɗakin magani, muka hau kekuna. A Lausu mutane sun cika ƙofar gida, liman yana jira. Aka kawo ruwa, ya wanke hannunsa har gwiwar hannu, a hankali, ba wanda ya ce ya yi sauri. Shitu ya nuna masa ɗakin da aka shimfiɗe tsohon.

Da ya isa bakin ƙofar sai ya tsaya. Ya zame takalminsa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni ne. Na zo."

Ya ɗan jira, kamar yadda yake jira a bayan zana. Na buɗe baki in ce masa wa kake jira ya amsa, sai na fasa. Ya tashi ya ɗaga labule ya shiga, ni kuma na ɗauke takalman nasa daga bakin ƙofa na riƙe masa.